Kundin aikin mayar da waƙar Birnin Sama ta Jakomino zuwa Hausa

8 ga Janairu

An tsayar da iyakar aiki. Waƙa ɗaya za a fassara cikakkiya, wato De Ierusalem celesti, ma'ana Urushalima ta sama, ta Giacomino da Verona, wanda za mu riƙa rubutawa Jakomino. Ɗan ɗariƙar Faransiskan ne, wata ƙungiyar masu wa'azi ta cocin Katolika, ya rayu a rabin ƙarshe na ƙarni na 13 a arewacin Italiya. Sunan waƙar da Latin yake, amma jikinta da bakin mutanen Verona aka yi shi, domin talakan da bai je makaranta ba ya saurara ya gane. Ƙwar huɗu ce, baiti 70, ɗango 280. Tana da abokiyar tafiya kan birnin wuta, De Babilonia civitate infernali, baiti 85, ɗango 340. Ita ba ta cikin wannan zango, sai dai a leƙa ta idan wata kalma ta cije.

Matanin da aka dogara da shi shi ne na Gianfranco Contini, a cikin tarinsa na waƙoƙin ƙarni na 13 da ya fito a 1960. Ana gwada shi da bugun Adolf Mussafia na 1864. Kwafen hannu huɗu ne suka kawo mana waƙar, suna Venis, Udine, Ishbiliya (Seville) da Oxford.

Kowane baiti zai bi matakai huɗu: kalma da kalma, sai zube mai ma'ana, sai waƙa, sai rerawa da baki. Baitin da bai reru ba bai kammala ba, komai kyansa a takarda.

19 ga Janairu

Mako guda ya tafi a kan haruffa kawai. Marubutan Verona na lokacin suna sa k inda Italiyancin yau ke sa ch, suna da ç, suna da x mai sauti kusa da z. Abin da ya fi tuntuɓe shi ne wasalin ƙarshe: kalmomi da yawa da ke ƙarewa da e a Italiyanci, a nan da o suke ƙarewa, kamar carno a madadin carne, nama. Wanda ya saba da Italiyancin yau sai ya ɗauki sunan mace a matsayin na namiji, ya jingina masa sifar da ba tasa ba. Sau uku aka yi wannan kuskure a baitoci goma na farko. An buɗe jerin irin waɗannan kalmomi, ana duba shi kafin a taɓa kowane sabon baiti.

2 ga Fabrairu

Batun kari. Ɗangon Jakomino kashi biyu ne da ɗan numfashi a tsakiya. A kowane kashi nauyin murya yana sauka a gaɓa ta shida, yawanci gaɓa bakwai ne, jimilla sha huɗu, ko da yake shi kansa ba ya tsayawa kan lissafin kullum. Su suna ƙidaya gaɓa da inda aka danna murya, mu kuwa nauyin gaɓa muke aunawa, mai nauyi da marar nauyi. Don haka ba a ɗauko karinsa, sai dai a nemo wanda zai yi masa daidai a tsawo.

An gwada uku daga karuruwan aruli a kan baiti biyar. Mutaƙarab ya yi kaɗan: gaɓa sha ɗaya ko sha biyu ba sa ɗaukar abin da ke ɗangon, domin Hausa sai ta biya kuɗin wakilin suna da alamar lokaci kafin ta kai ga aikatau, sai ka ga an zubar da suna ɗaya a kowane layi. Ɗawil ya yi yawa, ya jawo ciko irin su "haƙiƙa", "lalle", "ka ji", waɗanda ba su cikin asali. Na ukun shi ne mustaf'ilun fa'ulun sau biyu, gaɓa bakwai da bakwai, numfashin yana faɗawa inda nasa ke faɗawa. Shi aka ɗauka.

Amsa-amo kuma ya kawo gardama. Ƙwar huɗunmu da aka saba, ɗango uku na farko suna da ƙaramin amsa-amo, na huɗu yana riƙe da babban amsa-amon da ke ɗinke waƙa daga farko har ƙarshe. Jakomino ba shi da babba. Ɗangonsa huɗu duk sauti ɗaya ne, baiti na gaba ya sauya. Idan muka ƙara babban amsa-amo, kunnen Bahaushe zai fi jin daɗi, amma za mu ɗaure ƙarshen baiti 70 da sauti guda, ma'ana ce za ta biya bashin. An bar shi yadda mai shi ya yi.

21 ga Fabrairu

Baiti 16 sun wuce mataki na uku. Nan ne siffar birnin take: murabba'i, ƙofa uku a kowane gefe, tituna na zinariya da azurfa. Tushensa sura ta 21 da 22 ne na littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, wanda fassarorin Hausa ke kira Ru'ya ta Yohanna ko Wahayin Yahaya. Sai dai Jakomino ya ɗauki birnin wahayin ya gina shi irin garin da masu sauraronsa suka sani. Ganuwarsa tana da merli, haƙoran nan na saman bango da maharba ke fakewa a bayansu, an yi su da ƙarau. Tana da hanyar masu gadi a bayan haƙoran, ta tsantsar zinariya. An so a ce "zankwaye", amma zanko ado ne na soro, ba wurin fakewar mai baka ba. "Haƙoran ganuwa" aka sa.

Duwatsu masu daraja suna da tasu wahalar. Littafin wahayin ya jera sha biyu. Abin da ke hannunmu shi ne yakutu, zumurrudu, zabarjadi, aƙiƙ, lu'ulu'u da murjani, na biyun ƙarshe ma daga teku suke. Yakutu kuma suna ɗaya ne ga dutse fiye da ɗaya, sai an ce ja ko shuɗi. Dokar da aka kafa ita ce a riƙe launi ko da an rasa suna.

6 ga Maris

Baitin mai tsaron ƙofa ya ci kwana biyar, kuma ya cancanta, domin duk halin waƙar yana cikinsa. A kan ganuwa akwai kerub, wani irin mala'ika, da takobin wuta. Mai karatu zai zaci za a ce yana korar shaiɗanu ko azzalumai. Abin da aka fara lissafawa shi ne bobuwa da ƙuda, sai macizai iri biyu, sai mai ido ɗaya da gurgu, sannan duk wanda zai cuci birnin. Mutumin da ya yi bazara a kwarin kogin Adije, inda Verona take, ya san abin da yake faɗa: ni'ima ta farko ita ce garin da ba ƙuda.

Gwajin farko ya tafi da amsa-amon "fa":

Ƙuda da bobuwa dai ba sa shiga ta ƙofa,
Balle a ce maciji ya zo da kai ya jefa.

A ɗango na uku aka maƙale. Kalmomin da ke ƙarewa da "fa" kuma suka dace da ƙafar ƙarshe kaɗan ne, sai "tsufa" ta kutso, alhali ba a zancen tsufa a baitin. Aka rushe, aka koma "wa":

Ƙuda da bobuwa dai, nan ba wurin shigowa,
Balle a ce maciji ya sami ko wucewa,
Gurgu da mai ido ɗai, su ma ina matsowa,
Duk wanda zai yi ɓarna a can yake tsayawa.

An yi asara biyu. Macizai biyu sun koma ɗaya, kalmar birni kuma ta fita daga ɗango na huɗu. An karɓi ta farko, ta biyu tana jiran dubawa. Akwai haɗari ma a cikin "wa" ɗin: arha gare ta, kowane aikatau yana iya haifar da ita, idan aka sake mata fuska rabin waƙar za ta cinye. An ƙayyade mata baiti goma cikin saba'in.

Ɗango na uku yana buƙatar bayani a ƙasan shafi, in ba haka ba za a karanta shi a matsayin korar naƙasassu. Koyarwar cocin Yamma tun daga babban malaminsa Agustin, a littafi na 22 na aikinsa Birnin Allah, ita ce za a ta da jiki cikakke ba naƙasa, a kimanin shekara talatin. Naƙasar ce ba ta shiga, ba mai ita ba. Jakomino bai tsaya bayani ba don masu sauraronsa sun sha jin haka a huɗuba.

17 ga Maris

An rera baiti 30 a jere, karo na farko. Kari ya zauna. Amma an gano ɓarnar da ba a gani a takarda ba, kuma ita ce babbar matsalar aikin nan zuwa yanzu.

Da zarar an shiga kogin da ke ratsa birnin da itatuwan da ke 'ya'ya sau sha biyu a shekara, harshe da kansa yake gangarawa cikin kalmomin waƙoƙin wa'azinmu. Daftarin ya fito da "Kausara" sau biyu, "Rilwanu" sau ɗaya a madadin kerub, da "gidan rahama". Babu ko ɗaya a asali. Ba ganganci ba ne: Hausa ta yi fiye da shekara ɗari biyu tana siffanta lahira a ƙwar huɗu da ƙwar biyar, hanyar ta riga ta yi santsi, mai ɗaura baiti yana zamewa cikinta bai sani ba. Sakamakon shi ne waƙa mai daɗi wadda mai sauraro zai rantse wani malamin zaure ne ya yi ta, sai can ya ci karo da Ɗan Rago, wato Almasihu, a kan kursiyi ya rasa inda yake. Wannan zalunci ne ga ɓangare biyu. An sa wa Faransiskan aƙidar da ba tasa ba, an kuma ɗauki kalmomin da ke da takamaimiyar ma'ana a Musulunci an aza su inda ba wurinsu ba.

Matakin da aka ɗauka shi ne jeri biyu. Na farko kalmomin da aka hana: Kausara, Rilwanu, hurul'ini, Siraɗi, Salsabilu, waliyyai. Na biyu waɗanda Kiristocin Hausa ke amfani da su, su za a bi: Urushalima, ba Ƙudus ba, kerub, Ɗan Rago, Budurwa Maryamu, tsarkaka, Almasihu. "Shahidai", "annabawa" da "mala'iku" na kowa ne, an bar su. "Aljanna" ce ta raba kai. An daidaita kan cewa inda Jakomino ya ce birni a ce birni, inda ya ce paraiso a ce Firdausi, tunda kalmar tana cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma asalinsu ɗaya da tasa. Baiti tara sun koma mataki na biyu.

30 ga Maris

Tsuntsaye. Ya ambaci biyu da suka yi suna wajen zaƙin murya a ƙasarsu, calandrie da risignoli. "Kanari" ya dace da kari, ya kuma dace da kunne, amma kanari bai isa Turai ba sai bayan ƙarni na 13 da nisa. An sa "tsuntsaye masu zaƙin murya", ba armashi amma ba ƙarya.

A wajen waƙar mala'iku kuma ya ce ko sirena ko aiguana ba za su yi irinta ba. Ta farko matar teku ce ta tatsuniyoyin Girka, ta biyu kuwa aljanar ruwa ce ta ƙauyukan yankinsa, wadda manoma suka yarda tana zaune a maɓuɓɓuga. "'Yar ruwa" ta ɗauki ta biyun tsaf. Ta farkon ce ba ta da gida tukuna.

14 ga Afrilu

An kai ƙarshen daftari na farko, baiti 70. Sashen ƙarshe fada ce sak. Maryamu sarauniya ce, masu yi mata hidima barade ne, tana ba su kambi, da farar tuta alamar sun ci Shaiɗan da yaƙi, da dawakai iri biyu: destreri jajaye da palafreni farare. Na farko dokin yaƙi ne mai ɗaukar mutum da sulkensa, na biyu na tafiya ne mai taushin taki. A nan Hausa ta fi Italiyancin yau wadata, ba a sha wahala ba: ingarma ga na farko, kili mai takama ga na biyu. Tsoron da ake yi shi ne kada baitin ya koma hawan sallah, don haka ba lifidi, ba zagi, ba algaita, sai abin da ya faɗa.

Masu nazari sun daɗe suna yi wa wannan sashe dariya, wai tunanin talaka ne da bai san wata ɗaukaka ba sai doki da riga. Hukuncin bai yi adalci ba. Shi da kansa ya gargaɗi mai sauraro tun a farkon waƙar cewa wani ɓangare na abin da zai faɗa a ɗauke shi a matsayin misali da alama. Mai wa'azi ne da ya san wanda ke gabansa: a garin da mai doki ke wucewa ya watsa wa mai ƙafa laka, ce wa mai ƙafar za a ɗora shi kan ingarma magana ce mai shiga.

28 ga Afrilu

An leƙa ƙarshen waƙar wuta don rubuta gabatarwa, domin a can ne kaɗai ya faɗi sunansa. Ya ce wannan ba tatsuniya ba ce, ba zancen 'yan kama ba, Jakomino na Verona ne ya harhaɗa daga nassi da sharhi da huɗubobi. Abin lura ga aikinmu shi ne kalmomin ƙarshen ɗangon: buffoni, Minori, sermoni. Wasula sun yi daidai, baƙi bai yi ba. Ashe shi ma yakan wadatu da kamancin wasali. Wannan ya ba da izini a sassauta a wuraren da suka gagara, amma an sa iyaka: kada ya wuce ɗango ɗaya a baiti, kuma a yi masa alama a daftari. Zuwa yau wurare shida ne.

12 ga Mayu

Rataye na farko: zaɓaɓɓun baitoci daga Bonvesin de la Riva, malamin nahawu a Milan, wanda ya rasu wajen 1315. Littafinsa na rubutu uku, na wajen 1274, ya haura ɗango dubu biyu, a tsarin baiti iri ɗaya da na Jakomino. Baƙin rubutu azabobin wuta ne sha biyu, jan rubutu shan wuyar Almasihu, na zinariya kuma ni'imomi sha biyu. Malamin makaranta ne har a waƙa: ƙamshi yana fuskantar wari, abinci yana fuskantar yunwa, tufafi masu kyau suna fuskantar masu kaushi. Za a ɗauki baiti 12, ɗaya daga kowace ni'ima.

Tarko a nan daban yake. A rubuce ɗangonsa kamar ya yi tsawo, domin an rubuta wasulan da mutanen Milan ba sa furtawa. Contini ne ya daidaita wannan a bugunsa na 1941. Wanda ya ƙidaya gaɓa da ido zai zaci mutumin bai iya kari ba, alhali ya fi Jakomino tsantseni nesa ba kusa ba.

26 ga Mayu

Rataye na biyu shi ne Dante, babban mawaƙin Italiya, wanda ya rasu a Rabenna a 1321. Kashi na uku na babbar waƙarsa, Paradiso, babi 33 ne, ɗango 4,758. Wurare biyu kawai za a ɗauka, kuma a zube. An gwada tsarinsa na ƙwar uku mai sarƙa, inda amsa-amon ɗangon tsakiya ke zama na farko da na uku a baiti na gaba. A Hausa sarƙar ba ta jiyuwa sosai, don kunnenmu gaɓar ƙarshe kaɗai yake kamawa, su kuwa daga wasalin da aka danna suke farawa. An bari bayan ɗango 21.

Wuri na farko babi na 30 ne. Kogin nan dai na littafin wahayi ne, wanda Jakomino ya dasa wa itatuwa. A wurin Dante kogin haske ne, tartsatsi na fita daga cikinsa suna sauka kan furanni kamar jan yakutu a cikin zinariya. Sai Biyatiris, jagorarsa a tafiyar, ta ce masa duk wannan share fage ne kawai na ainihin abin, idonsa ne bai kai ba. Da ya sunkuya idonsa ya sha, sai dogon kogin ya koma da'ira, tartsatsin suka zama mala'iku, furannin suka zama tsarkaka. Ɗaya yana tara kaya a cikin birni, ɗaya yana nuna kaya sannan ya janye su.

Wuri na biyu babi na 14 ne, an zaɓe shi don kada a fita da zaton Dante ya raina jiki. Sulemanu ya bayyana cewa idan an mayar wa rayuka jikinsu ganinsu zai ƙaru. Rayukan suka yi caraf suka ce amin, suna marmarin gawawwakinsu, watakila ba don kansu kaɗai ba, har don iyaye mata da maza da suka so a duniya. Kalmar da ya sa ita ce mamme, ta bakin yara. "Mahaifiya" za ta kashe wurin. "Inna" aka sa.

An cire jimlar gabatarwa da ta kira Jakomino "share fagen Dante". Gaskiya ne Dante ya zauna a Verona sau biyu a gidan sarautar della Scala, amma zama a gari ba hujjar karatu ba ce, kuma kiran yana sa a karanta waƙar a matsayin ginin da bai kammala ba.

9 ga Yuni

Rabin shafi a gabatarwa zai tafi kan tambayar da mai karatun Hausa zai yi tun kafin ya gama shafin farko, wato alaƙar waɗannan waƙoƙi da labarin Isra'i da Mi'iraji. Abin da za a rubuta shi ne abin da ya tabbata. A fadar Alfonso na 10, sarkin Kastil a ƙasar Sifen, an fassara wani littafin Larabci kan Mi'irajin Annabi (SAW) zuwa harshen Kastil, sannan Bonaventura na Siyena ya mayar da shi Latin da Faransanci, kwafin Faransancin yana ɗauke da shekarar 1264. Wani masani ɗan Sifen, Miguel Asín Palacios, ya kawo hujjar tasirin Musulunci a kan Dante a 1919, aka buga fassarorin nan a 1949, muhawara kuma ba ta mutu ba. Duk wannan zancen Dante ne. Kayan Jakomino daga littafin wahayi da huɗubobin coci suke, shi ya faɗa da bakinsa, ba za a ja shi cikin muhawarar ba.

20 ga Yuni

Rerawa ta biyu, baiti 70 a jere, minti 26. An sa hannu a kan 58. Sha biyu sun rage: biyar don kari ya karye a kashi na biyu, inda aka ɗauki gajeren wasali a matsayin dogo, huɗu don "wa" ta kai baiti 14, ta wuce ƙa'ida, biyu don wata kalma daga jerin da aka hana ta sake kutsowa, wannan karon "Ma'aiki" a inda ake nufin manzannin Almasihu sha biyu. Na ƙarshe baitin ƙofa ne, har yanzu birni bai koma ɗango na huɗu ba. Za a gwada ɗauke "a can" a ga ko zai shiga, in ya ƙi a sake baitin da amsa-amon "ni". Sirena ma tana nan ba suna.